Faifan da Na Bari a Mota

Zuwa ga Yaya Sale,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙani ga wansa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko lokacin da kake da rai ma ba ka da haƙurin doguwar wasiƙa, sai ka juya ta ka leƙa ƙarshe ka ce a faɗa maka a taƙaice. To, ga taƙaicen tun daga farko don kada ka wahala. Faifan garmahonka da ya ɓata shekara tara da suka wuce, ba Rabi ce ta zubar da shi ba. Ni na ɗauka, ni na lalata shi, kuma na yi shiru na bar matarka da laifin har ka koma ga Allah.

Da na rubuta wannan sai da na ajiye biro na tashi na sha ruwa. Bari in fara ba ka labarin gida tukuna, in ɗan samu numfashi.

'Yarka Samira ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Kunnuwanka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri. Ɗanka Faisal yana aiki a wani otal kusa da Harami a nan Makka, yana karɓar baƙi, kuma Hausarsa tana nan yadda ka bar ta, kalma uku sai ya zame ya faɗa Larabci. Rabi tana gidanku na Shisha, ta ƙi tashi duk da matakalar nan da ke cinye mata gwiwa. Ni na bar tuƙin bas, baya ya ƙi. Yanzu ƙaramar motata nake ɗan ɗaukar fasinja da ita tsakanin Ka'akiyya da cikin gari, ranar da jiki ya yarda. Mai sayar da wake da gurasa ɗin nan na kusurwarku, mai ful da tamis, ya rufe, an buɗe shagon wayoyi a wurin. Da kana nan da ka yi mita ta wata guda.

To, mu koma kan faifai.

Ka tuna ranar da ka shigo da shi? Ina ɗan shekara goma sha biyu, kai kana tuƙa wani Bature injiniya a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Ka zo ranar Alhamis da akwati a kafaɗa kana haki, ka ce Baturen ne ya ba ka kyauta, garmaho da faifai ɗaya. Baba ya ce ba a gidansa ba, kuma ba a garin Makka ba. Inna ce ta roƙa, aka yarda a kai shi ɗakin sama bisa sharaɗin a rufe taga. Ka ɗora allura, muka zauna muna zufa. Ban taɓa jin abu irinsa ba. Jita tana kuka, kiɗan ya taso daga wannan lasifika ya zagaya ta bayan kai ya faɗa waccan, ganga tana gudu ba ta jiran kowa. Muryar mawaƙin siririya ce har na rantse mace ce. Ka nuna mini kwalin, launuka sun cakuɗe kamar an zuba fenti a ruwa, a baya kuma maza biyar masu gashi har kafaɗa, babu mace ko ɗaya. Shekara da shekaru muna wannan gardama ni da kai. Turancinka na tashar jirgi ne, bai wuce tsaya da tafi ba, amma sai ka riƙa fassara mini waƙoƙin da gaske, kuma duk shekara fassarar sai ta canza.

Da ka auri Rabi ka koma Shisha, garmahon ne ya fara shiga gidan kafin gado. Tun ranar farko ta ce wannan ba kiɗa ba ne, taron aljanu ne, kuma wata rana sai ta jefa shi a shara. Ta faɗa ya fi sau ɗari, kai kuma kana dariya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ka rufe taga ka ɗora faifan, ita tana kicin tana girki tana mita. Haka 'ya'yanku suka tashi.

Ka san al'adarmu ta lokacin Hajji. Ku ɗaure kaya a kwalaye, ku ba alhazai hayar gidan, ku taho wajena Ka'akiyya mu cunkushe har su tafi. Shekarar nan ita ce ka fara wankin ƙoda. Ina kai ka asibiti ina ganinka kwance awa huɗu kana kallon silin, abin yana damuna. Sai na ji labarin wani mutum a Jidda da ke juye tsofaffin faya-fayai ya zuba su a waya. Na ce zan yi maka bazata. Ranar ɗaure kaya, Rabi tana ɗaki tana fama da barguna, na zare faifan daga kan kanta na sa a ƙarƙashin rigata na kai mota. Ban faɗa wa kowa ba, don ina son in ga fuskarka ranar da zan saƙala maka abin ji a kunne.

Ban je Jidda ba. Washegari aka kira ni wai wani direba ya kwanta, a zo a karɓi bas. Na ajiye motata a fili kusa da inda ake tara bas-bas a Muzdalifa, faifan yana kan allon baya, ƙarƙashin gilashi. Kwana biyar ina jigilar alhazai tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, ko sunana da ƙyar nake tunawa. Ka san zafin ranar garin nan, kuma shekarar a tsakiyar zafi aka yi Hajji. Da na dawo na buɗe mota na zaro shi daga kwali, na tarar ya lanƙwashe, gefensa ya tashi kamar gurasa. Wayon da na yi shi ne na danne shi da buhun shinkafa kwana biyu. Bai miƙe ba. Sai na shimfiɗa tawul a kansa na ɗora masa dutsen guga. Nan ya rabe gida biyu. Na jefa guntayen a shara, kwalin kuwa hannuna ya kasa, na ɓoye shi a ƙasan akwatin ƙarfena.

Da alhazai suka tafi muka mayar da kaya, ka buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya. Sau ɗaya tak ka tambayi Rabi. Ta ce ba ta gani ba, ita dai ta zubar da wani kwali na tsofaffin jaridu. Ka dube ta, ka ce ba komai. Ka san irin ba komai ɗinka. Ina tsaye a ƙofa a lokacin, rungume da katifa, ina jin ku. Kalma biyu ta ishe ni, ni ne. Na shige da katifar ɗaki na daɗe ina gyara mata zama.

Ba ka yi faɗa ba, ba halinka ba ne. Ka ba ni garmahon ka ce in ajiye a sitona tunda ba shi da amfani. Amma daga nan duk abin da ya ɓata a gidan, ko cokali ne, sai ka ce a duba shara. Yara suna dariya, Rabi tana murmushin yaƙe. Faisal yana ɗan shekara ashirin a lokacin, shi bai ɗauke shi wasa ba, ya riƙe abin a ransa. Shi ne ya tuna sunan da ke jikin kwalin, ya nemo maka waƙoƙin a waya ya kai maka asibiti. Ina wurin. Ka saurara kamar minti ɗaya, ka cire abin daga kunne ka ce ba shi ba ne. Faisal ya nuna maka hoton, ga launukan, ga mazan biyar. Ka ce hoton shi ne, amma kiɗan ba shi ba ne, ka juya fuska bango. Dukanmu muka ɗauka fushi kake da Rabi, kana so ta san abin da ta yi ba ya gyaruwa. Ita ma haka ta ɗauka.

Me ya hana ni magana? Da farko tsoro ne. Bayan wata guda ya zama kunya, don sai an tambaye ni me ya sa ban faɗa tun ranar ba. Bayan shekara guda kuwa ban ma san ta inda zan fara ba. Akwai wata rana a asibiti, mu biyu kaɗai, na kira sunanka, na buɗe baki. Ka ce in gyara maka filo. Na gyara maka filo, na zauna, shi ke nan. Shekara biyar ka yi kana kallon silin ɗin nan, Yaya, sannan ka tafi, shekara huɗu ke nan yanzu.

Wata biyu da suka wuce Faisal ya same ni a gida da wayarsa a hannu, yana murna. Wai an sake buga faifan, sabo fil, na garmaho irin naka. Ashe abin da muke rufe wa taga shahararre ne a duniya, har suna gare shi, wai kiɗan rok mai juya kai, saikedelik. Ya zauna yana karanto mini ra'ayoyin masu sauraro a intanet yana fassara mini rabi da Hausa rabi da Larabci. Wallahi da ka ji su da ka samu abokan gardama. Wani ya ce sabon bugun ya fi, an wanke ƙura, yanzu ana jin ganga sosai. Wani ya ce ai ƙurar ce daɗin, sun wanke har da ran abin. Wata mata ta ce gefe na biyu ɓata lokaci ne, mutane suna yabo ne don kada a ce ba su gane ba, aka taso mata kamar ta zagi iyayensu. Akwai wanda ya ce in ba a kwance a ƙasa ka ji shi ba, ido rufe, to ba ka ji shi ba. Na ce wannan ɗan'uwanka ne. Amma abin da ya kama Faisal shi ne masu cewa duk wanda ya ji waƙoƙin a waya bai ji komai ba, sai a faifai ake samun ainihin sautin. Ya ce ka gani, Ammi, wato Baffa da Larabci, shi ya sa Baba ya ce ba shi ba ne. Ya yi odar faifan, ya sayi sabon garmaho, ya ce ranar Juma'a a gidan mahaifiyarsa za a kunna. Yadda ya faɗi wannan na ƙarshen bai yi mini daɗi ba. Na gane yana so ta zauna ta ji abin da ta zubar.

Juma'ar ta zo. Ni da Faisal da Samira da jaririnta muna falo, Rabi tana kicin. Faisal har taga ya rufe, don komai ya zama yadda kake yi. Ya ɗora allura.

Yaya, ba shi ba ne. Ka yi gaskiya. Ga jitar, ga kiɗan da ke zagayawa ta bayan kai, amma komai yana jan ƙafa kamar bas a cunkoson Mina. Mawaƙin nan da na rantse mace ce, sai ga ƙato da murya mai kauri. Na dubi Samira, ta dube ni. Faisal ya ɗaure fuska ya ce kunnenmu ne ya manta, shekara tara ba kwana tara ba ce. Muka zauna har gefen farko ya ƙare. Sai muka ji ƙauri.

Rabi ta fito da murfin tukunya a hannu. Ta ce wannan faifan an yi masa ƙari, ya fi naka tsawo. Ta ce tun tana amarya, da zarar ka ɗora allura take rufe shinkafa ta rage wuta, in ta ji allurar ta kai ƙarshe tana ƙwas-ƙwas sai ta sauke, kuma ba ta taɓa kamawa ba. Yau da ta ji an kunna, hannunta ya yi abin da ya saba ba tare da ta yi tunani ba, ga shi shinkafa ta ƙone. Ka ji fa. Matar da ke cewa taron aljanu ne, ashe da shi take auna girkinta shekara ashirin da ɗoriya, kuma ba wanda ya sani, har kai.

Faisal ya ce mata, da Larabci, ba tare da ya ɗago kai ba, wai wadda ta jefa shi a shara ce za ta koya wa mutane tsawonsa? Ta juya ta koma kicin. Ni kuma ina zaune, na sake rungumar katifa, ka gane abin da nake nufi. Ranar ban iya cin abinci ba, na ce ƙaurin ne.

Faisal bai haƙura ba. Ya shiga wurin masu ra'ayin nan ya rubuta cewa sabon bugun yana da matsala, an rage masa sauri, danginsa duka shaida ne. Suka yi masa ca. Wani ya ce ya je a wanke masa kunne. Wani ya ce ya mallaki tsohon bugun da sabon, ya gwada su, tsawonsu ɗaya. Cikin masu dariyar sai wani dattijo, wanda ya ce gyaran garmaho ne sana'arsa, ya yi tambaya biyu kawai: wane irin inji mahaifinka yake amfani da shi, kuma a wace ƙasa? Faisal ya turo mini tambayar ya ce ko injin yana nan.

Yana nan mana, a sitona, ƙarƙashin tabarmi. Na kakkaɓe shi na kai wa Malam Abdu. Ka tuna shi, mutumin Damagaram ɗin nan da ya zo aikin Hajji tun muna samari bai koma ba, mai gyaran fanka a lungunmu. Ya kifa garmahon, ya sa tabarau, ya karanta wani ɗan ƙarfe da aka manna a ƙasansa. Sai ya fara dariya, har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce irin wannan inji ba shi da saurin kansa, bugun wutar lantarki yake bi. Wutar Turai, da ta Nijar da Najeriya, sau hamsin take bugawa a daƙiƙa, kuma don ita aka ƙera shi, ga shi nan a rubuce. Tamu ta nan sau sittin ce. Don haka duk abin da aka ɗora masa a ƙasar nan sai ya ƙara gudu, murya ta sirance. Ya ce Baturenka ba kirki ne ya ishe shi ba, ya kunna ne a Jidda ya ji abin ya haukace, ya nemi wanda zai ɗora wa.

Na zauna a bencinsa na yi dariya har hawaye, daga nan kuma hawayen suka ƙi tsayawa. Kenan tun ɗakin sama na gidan Baba ba mu taɓa jin faifan nan yadda masu shi suka yi shi ba. Kenan ranar da ka cire abin daga kunne a asibiti ba fushi kake da kowa ba, gaskiya kawai ka faɗa, mu ne ba mu yarda da kai ba. Kuma kenan ko da na kai shi Jidda lafiya an juye, da ka saurara ka ce ba shi ba ne. Na lalata maka faifai a kan hanyar kawo maka abin da ba za ka karɓa ba. Malam Abdu ya ce zai iya gyara injin ya riƙa tafiya daidai. Na ce kada ya kuskura. Ya canza roba da allura kawai, ya bar masa haukarsa.

Juma'ar da ta biyo na hau matakalarku da garmahon a kafaɗa yadda ka taɓa yi, ina haki fiye da kai. A hannuna kuma akwai leda. Na ce wa Rabi ta ɗora shinkafa. Ta harare ni ta ce in ta sake ƙonewa ni zan kankare tukunya. Muka ɗora sabon faifai a kan tsohon inji.

Tun bugun farko Samira ta rufe baki da hannu. Kai ne, Yaya. Gangar nan mai gudu, da muryar nan siririya, da taga a rufe, da ƙamshin girki daga kicin. Ban san lokacin da na dubi kujerarka ba. Faisal ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har allura ta kai ƙarshe ta fara ƙwas-ƙwas. Muka ji an buɗe tukunya. Rabi ta leƙo ta ce shinkafa ta yi daidai, wannan ne faifan.

Na san in na bari aka zuba abinci na sake tsira, kuma ba na son in sake tsira. Na ce ta zo ta zauna. Na zaro tsohon kwalin daga leda na ajiye a tsakiyar falo. Duk sun gane shi, har da tabon shayin nan na kusurwa. Na faɗi komai, tun daga ƙarƙashin riga har dutsen guga, ban rage ba. Har na kai ƙarshe.

Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Abin da ta faɗa ne ban shirya masa ba. Ta ce shekara tara tana buɗe kwalayen nan a cikin kanta, musamman na jaridun, don ba ta duba ƙasansa ba kafin ta fitar. Ta ce da farko ta tabbata ba ita ba ce, amma da kowa ya yi ta faɗa, sai ta fara zargin kanta, har ta yarda. Ta ce mako biyu kafin ka rasu ta riƙe hannunka ta nemi ka yafe mata faifan, kai kuma ka ce ba komai. Yaya, ta nemi gafara a kan laifina, ina waje a baranda ina sayo maka ruwa. Wannan ban san shi ba sai ranar.

Ta ce alhamdu lillahi sau uku, a hankali, kamar wadda aka sauke wa kaya. Sannan ta juyo kaina. Ka san bakin Rabi, kuma ka san ba ta taɓa raga wa ƙanin miji ba ko da wasa, balle yau da take da gaskiya. Ta kira ni matsoraci, ta kira ni mai furfurar banza, ta ce wanda zai yi wa faifai guga ba abin da ba zai yi ba. Duk na cancanta. Faisal kuwa ya rarrafo ya sumbaci kanta da hannuwanta, ya ba ta haƙuri. Da Hausa ya yi, jimla biyar ko shida a jere ba Larabci ko ɗaya, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ta ce a zuba mini abinci tunda shinkafa ba ta yi laifi ba, in na gama in fita mata daga gida. Na ci, na fita. Ina sauka matakala ina jin jikina sakayau, ni da aka kora.

Kwana goma sha ɗaya ba ta ɗaga wayata ba. A rana ta sha biyu sai ga saƙon murya, ba gaisuwa, wai in zo. Ta gindaya mini sharaɗi biyu. Na farko, duk Juma'a in zo in ɗora allura, don hannunta yana rawa, Faisal kuma wani lokaci yana aiki. Na ce na yarda. Na biyu, ta ce ni na ba ta haƙuri, ɗanta ya ba ta, saura mutum ɗaya, wanda ya yi shekara biyar yana cewa a duba shara, kuma shi ba ya nan.

To, ka ji abin da na yi, kada ka ƙaryata ni. Na durƙusa a gabanta da gwiwar nan tawa, na ce Sale yana ba ki haƙuri, ya zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Na faɗa da sunanka, don na san da ka sani da ka faɗa da kanka, ko da za ka ɗauki sati kana kewaye-kewaye. Ta daɗe tana kallon taga. Ta ce ta yafe mana, mu duka biyun, in tashi kafin a nemo mai ɗaga ni.

Na je maƙabarta don in gaya maka. Ka san kaburburan garin nan, ba suna ba alama, dutse ne kawai kamar na kowa. Na tsaya a inda nake zaton layinku ne na fara bayani, sai na ga wani ma'aikaci yana kallona, na mayar da shi addu'a na tafi. Shi ya sa na zauna na rubuta. Na san akwai masu cewa bai dace a riƙa tuna mamaci da kiɗa ba. Ruwan da nake rabawa da sunanka ban fasa ba, addu'a ma kullum ne, sauran kuma Allah ya gafarta mana baki ɗaya.

Masu ra'ayin nan suna can suna ta gardamarsu a kan tsohon bugu da sabo. Faisal ya koma ya gaya musu abin da ya faru, ya gode wa dattijon. Wai wani ya gwada ƙara wa nasa sauri ya ce abin ba ya sauraruwa. Shi ya sani. Mu dai a Shisha haka muke jinsa, kuma har yanzu in mawaƙin nan ya ɗaga murya sai in ji kamar in juya in ce maka mace ce.

Sabon faifan a cikin tsohon kwalinka yake kwana yanzu, a kan kantar nan. Wannan takarda ma can zan ninke ta in sa, kusa da shi. Rabi ta yafe, Faisal ya yafe. Kai kaɗai ne ba zan ji daga bakinka ba, kuma wannan ni na jawo. Ka yafe mini, Yaya. In za ka ce ba komai, don Allah ka faɗi na gaskiyar.

Gobe Juma'a, sai in tashi da wuri. Ka huta lafiya, Allah ya haɗa mu a inda ba a rufe taga.

Ƙaninka,
Hamisu, wanda ya bar faifai a mota.